Shanyewar Ɓarin Jiki ga Yara Masu Sikila: Abin da Gwajin Kano da Kaduna Ya Tabbatar

Yaro mai sikila ɗan shekara shida zai iya kwana lafiya lau, gari ya waye hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa, baki ya karkace, magana tana sarƙewa. A gidaje da yawa ana fara cewa iska ce ta shafe shi, saboda abin da aka sani shi ne shanyewar ɓarin jiki ciwon dattijai ne masu hawan jini. Alhali a cikin yara, sikila na daga manyan abubuwan da ke kawo shi. Babban binciken da aka yi a Amurka kan dubban masu cutar, wanda Kwaku Ohene-Frempong ɗan ƙasar Gana ya jagoranci fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa kimanin 11 cikin 100 na masu jinin SS kan gamu da wannan matsala kafin su kai shekara 20, kuma haɗarin ya fi tsanani tsakanin shekara 2 zuwa 5. Wanda ya taɓa yi sau ɗaya, idan ba a yi masa komai ba, kusan biyu cikin uku sukan maimaita, yawanci cikin shekara uku. Najeriya kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace haihuwar jarirai masu sikila a duniya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin 150,000 a shekara.

Dalilin yana cikin manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna da tauri da danƙo, suna gogar bangon jijiya, suna fashewa da wuri. Shekara da shekaru bangon yana kumbura yana ƙara kauri, hanya tana tsukewa. A lokaci guda ƙarancin jini yana tilasta wa zuciya ta turo jini da yawa domin ƙwaƙwalwa ta samu iskar da take bukata. Jini mai yawa ta hanya matsattsiya gudu yake yi, kamar ruwan tiyo idan aka danne bakinsa da yatsa. Wannan gudun ne ake iya aunawa tun kafin komai ya faru, kuma a kansa aka gina dukan aikin rigakafin.

Awon da kuma gwajin 1998

Na'urar awon, wadda ake kira TCD, Rune Aaslid ne ya fito da ita a 1982. Tana aika sautin da kunne ba ya ji ta wurin da ƙashin kai ya fi siranta, wato tsakanin ido da kunne, sautin ya bugi jinin da ke gudana ya dawo, na'ura ta lissafa saurinsa. Babu allura, babu zafi. Robert Adams, likitan ƙwaƙwalwa a jihar Jojiya ta Amurka, shi ya nuna a 1992 cewa yaran da jininsu ke gudu fiye da kima su ne ke shanyewa daga baya. Daga nan aka tsayar da matakai uku. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya ne. Daga 170 zuwa 199 ana sa ido, a sake awo ba da jimawa ba. Daga 200 zuwa sama haɗari ne, domin cikin yara 100 irin waɗannan kimanin 10 ne ke shanyewa a kowace shekara.

Gwajin da aka sa wa suna STOP, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya ɗauki yara 130 masu awon haɗari, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Yara 63 ana yi musu ƙarin jini duk bayan mako uku zuwa huɗu, da nufin sauke kason jinin sikila a jikinsu ƙasa da 30 cikin 100. Sauran 67 suka ci gaba da kulawar da aka saba. A rukunin da ba a ƙara wa jini ba yara 11 suka shanye, a ɗaya rukunin yaro 1 tak. Bambancin ya kai 92 cikin 100, sai aka dakatar da gwajin tun kafin lokacinsa. Gwaji na biyu, wanda ya fito a 2005, ya tambaya ko za a iya daina ƙarin jinin bayan awo ya dawo daidai. Cikin yara 41 da aka daina wa, 14 awonsu ya koma na haɗari, 2 suka shanye. Cikin 38 da aka ci gaba da yi wa, babu ko ɗaya. Amsar ta fito fili: idan aka fara, ba a san ranar dainawa ba.

Wannan magani yana aiki, babu mai jayayya. Matsalar ita ce ɗaukarsa zuwa asibitin da yara ɗaruruwa ke layi a ranar ganin masu sikila. Yaro ɗaya na bukatar ƙarin jini sau goma sha biyu ko fiye a shekara, a ƙasar da yawancin jinin ke fitowa daga 'yan uwan marar lafiya, sai an kawo mai bayarwa kafin a saki leda. Kowace leda tana zuba kimanin miligiram 200 na sinadarin ƙarfe a jiki, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi, sai ya taru a hanta da zuciya. Fitar da shi na bukatar ko dai allurar da ake sa wa a ƙarƙashin fata tsawon awa takwas zuwa goma sha biyu mafi yawan dararen mako, ko ƙwayar sha mai tsada. Ga kuma batun dacewar jini: yawancin ɗakunan gwaji rukunin A, B, O da alamar D kawai suke dubawa, alhali wanda za a yi ta ƙara wa jini yana bukatar a duba masa wasu alamomin jinin da ake kira C, E da K, in ba haka ba jikinsa ya fara yaƙar jinin da ake sa masa har a rasa wanda zai dace da shi. A asibitin koyarwa na Ibadan, inda Ikeoluwa Lagunju da abokan aikinta suka yi shekaru suna awon TCD, an gabatar wa iyaye wannan hanya, mafi yawansu ba su iya karɓa ba. Ba rashin son 'ya'yansu ba ne. Kuɗin da wahalar sun fi ƙarfin gida.

Ƙwayar da ta zo daga maganin ciwon daji

Haidiroksiyuriya tsohon magani ne. An haɗa shi a Jamus tun 1869, an daɗe ana ba masu wasu nau'o'in cutar dajin jini. Alaƙarsa da sikila ta samo asali daga abin da Janet Watson ta lura da shi a 1948, cewa jarirai masu sikila ba sa ciwo a watanninsu na farko, saboda irin jinin da aka haife su da shi, HbF, yana hana ƙwayoyin lanƙwashewa. A 1984 aka nuna cewa wannan magani yana sa ɓargo ya koma yin HbF. Ban da haka yana ƙara girman jajayen ƙwayoyi da laushinsu, yana rage yawan fararen ƙwayoyi masu manne wa bangon jijiya, yana ɗaga yawan jini kaɗan. Gwajin manya 299 a 1995 ya rage tashin ciwo daga 4.5 zuwa 2.5 a shekara. A 2011 aka tabbatar da amfaninsa ga jarirai 'yan wata 9 zuwa 18 a kan miligiram 20 ga kowane kilo. A 2016 gwajin TWiTCH ya nuna cewa yaro mai awon haɗari zai iya komawa kan ƙwayar ya bar ƙarin jini, amma da sharuɗɗa: sai ya yi aƙalla shekara guda ana ƙara masa jinin, sai hoton jijiyoyi ya nuna ba su lalace sosai ba, kuma a ɗaga maganin zuwa iyakar abin da jiki zai ɗauka. Sharuɗɗan nan uku duk ba sa samuwa ga yawancin yaran arewa.

An kuma yi fargabar cewa maganin da ke rage fararen ƙwayoyi zai buɗe ƙofa ga maleriya da sauran cututtuka. Gwajin REACH a Angola, Kongo, Kenya da Yuganda, kan yara 606, ya kawar da wannan fargaba a 2019: maleriya ta ragu da kusan rabi, mace-mace ma suka ragu.

Tambayar da aka yi a Kano

Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ciki har da Najibah Galadanci da Shehu Umar Abdullahi, tare da Michael DeBaun da Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt, sun tsara tambayar daidai da abin da asibitin jiha zai iya: idan aka gano yaro mai awon haɗari, aka ɗora shi kai tsaye kan ƙwayar, ba ƙarin jini na wata-wata, ba ɗaga magani mataki-mataki, me zai faru? Sun fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN. Yara 29 masu awon haɗari suka sha miligiram 20 ga kowane kilo kullum, aka kwatanta su da yara 206 masu sikila waɗanda awonsu bai kai na haɗari ba. Iyaye sun yarda, yara sun sha, gudun jinin ya fara sauka cikin wata uku na farko, shanyewa kuma ba ta kai 1 cikin 100 a shekara ba.

Babban gwajin, SPRING, ya ɗebi yara daga 2016 zuwa 2018 a Asibitin Aminu Kano, Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, inda Halima Bello-Manga take cikin masu jan ragamar aikin. Yara 220 ne, 'yan shekara 5 zuwa 12, duka masu awon 200 ko sama. Ƙuri'a ta raba su: 109 a kan miligiram 10 ga kowane kilo, 111 a kan miligiram 20. Iyaye da likitocin da ke duba yaran ba su san wa ke shan wanne ba. Ba a yi rukunin da za a bari ba magani ba, kuma daidai ne da ba a yi ba, domin bayan abin da STOP ya nuna babu mai hujjar zuba ido ga yaro mai irin wannan awo. Zaton masu binciken shi ne miligiram 20 zai fi 10 karewa nesa ba kusa ba.

Zaton bai tabbata ba. Bayan an bi yaran kimanin shekara 2.4, yara 3 suka shanye a ƙaramin awon magani, 5 a matsakaicin. Idan aka mayar da shi lissafin yara 100 a shekara guda, 1.19 ne da 1.92, a inda rukunin STOP da ba a ƙara wa jini ba ya haura 10. An tsayar da gwajin da wuri saboda lissafi ya nuna ko an ci gaba ba za a ga fifikon da ake nema ba. Babu yaron da aka raba da maganin saboda ya danne masa ɓargo. Bambancin da ya fito sosai yana wajen kwanciya a asibiti: yaran da ke kan miligiram 10 sun fi na miligiram 20 kwanciya da ninki 1.7. Sakamakon ya fito a farkon 2022.

Karanta wannan sakamako yana bukatar natsuwa, domin an sha fassara shi ba daidai ba. Uku da biyar ba su nuna cewa ƙaramin awon magani ya fi ba, ba su ma nuna cewa daidai suke ba. Yara takwas sun yi kaɗan a yanke irin wannan hukunci. Kwatancen da STOP ma kwatance ne da wasu yara a wata ƙasa shekara ashirin baya, ba rukunin da aka raba da ƙuri'a ba. Duk da haka faɗuwa daga 10 zuwa ƙasa da 2 ta yi girman da ba za a ɗora ta kan sa'a ba, musamman da yake binciken da aka yi a Ibadan kan yaran da suka sha ƙwayar, da kuma na SPIN, sun nuna hanya ɗaya. Abin da gwajin ya ƙirga shi ne shanyewar da ake gani da ido da wadda kan zo ta wuce cikin ɗan lokaci. Ƙananan tabon ƙwaƙwalwa da ba sa nuna alama, waɗanda hoton MRI kawai ke kamawa kuma suke shafar karatun yaro, ba su ne ma'auninsa ba.

A ganinmu miligiram 20 shi ne wurin farawa, ba 10 ba. Yaron nan ba shanyewa kaɗai ke barazana gare shi ba. Ciwon ƙashi da ciwon ƙirji da kwanciya su ne ke cinye kuɗin gida da ranakun makaranta. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ma, a jagororinta na 2020, ta ce inda ƙarin jini na dindindin ba ya samuwa a ba da aƙalla miligiram 20. Gwajin Yuganda na 2020 kan yara 187 ya nuna cewa ɗagawa zuwa kusan miligiram 30 ya fi tsayawa a 20 wajen rage ciwo da kwanciya, don haka asibitin da ke iya gwajin jini a kai a kai yana da dalilin ɗagawa. Darajar miligiram 10 ita ce ta nuna cewa ko kaɗan ya fi babu, ga gidan da ƙarfinsa ya ƙare a nan.

Inda aikin ke lalacewa

Rauni mafi girma yana wajen awon kansa. Ana yin sa ga kowane yaro mai SS daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara idan awon lafiya ne. Yaron ya kwanta a bayansa, idonsa biyu, hankalinsa kwance. Barci yana tara iskar da ake fitarwa a cikin jini, jijiyoyi su buɗe, adadin ya hau ƙarya. Kuka mai tsanani yana yin akasin haka, ya sauke adadin, yaro mai haɗari ya wuce a matsayin lafiyayye. Zazzaɓi ko faɗuwar jini suna ɗaga shi, ƙarin jini na kwanan nan yana sauke shi, saboda haka ba a auna yaron da ke kwance a gadon asibiti; a bari ya warware ya dawo. Mai awo yana shafa man sikanin a gaban kunne, ya nemo babbar jijiyar tsakiya, ya bi ta yana nutsawa milimita biyu-biyu har inda ta rabu, ya wuce zuwa ƙarshen jijiyar da ta hawo daga wuya, a kowane zurfi yana juya hannu har sai ya samu sauti mafi kaifi. Dole a yi ɓangaren dama da na hagu, a ɗauki mafi girma. Mai gaggawa yakan tsaya a sautin farko da ya ji, ya tsallake daidai wurin da ya tsuke.

Akwai kuskure biyu na karatu. Na farko, na'ura tana nuna lambobi da yawa, kuma wadda aka gina matakan a kanta ita ce matsakaicin saurin, ba ƙololuwar bugun zuciya ba. Wanda ya ɗauki ƙololuwa zai sa wa lafiyayyun yara tambarin haɗari. Na biyu, na'urar da ke nuna hoto mai launi tana ba da adadi ƙasa da ta asali, shi ya sa iyakarta take 185, ba 200 ba. Awo ɗaya na 200 zuwa 219 ana maimaita shi cikin mako ɗaya zuwa biyu kafin a yanke hukunci, 220 zuwa sama kuwa ya isa shi kaɗai. Adadin da ya yi ƙasa ƙwarai, kamar ƙasa da 70, ko jijiyar da aka nema aka rasa a ɓangare ɗaya, ba albishir ba ne. Tana iya yiwuwa ta riga ta toshe.

Wajen maganin, lissafin nauyi ne ke zamewa. Yaro mai kilo 20 miligiram 400 zai sha. Idan kantin magani ƙwayar 500 kaɗai yake da ita, ya koma miligiram 25 ga kilo. Ga yaro mai kilo 14 kuwa ta wuce 35, abin da ya haura iyaka. Shi ya sa samun ƙananan ƙwayoyi da na ruwa yake da muhimmanci, kuma ana haɗa maganin a cikin Najeriya. Yaro kuma girma yake yi: wanda aka rubuta wa 400 yana kilo 20, idan ya kai kilo 25 ba a sake lissafi ba, ya sauka zuwa miligiram 16 ba wanda ya lura. A hau sikeli a kowace ziyara. Kafin a fara a yi cikakken gwajin jini da na ƙoda da hanta, a maimaita gwajin jinin duk wata a farko, sannan duk wata biyu zuwa uku idan ya daidaita. Idan fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta suka faɗi ƙasa da 1,000, ko ƙwayoyin daskarar da jini ƙasa da 80,000, a tsayar da maganin, a duba bayan mako, a koma da awon magani ƙasa kaɗan idan sun farfaɗo. Girman jajayen ƙwayoyi a takardar gwaji shi ne shaidar ana sha. Idan wata uku ya wuce bai motsa ba, a zauna da uwar a tambaya cikin mutunci, sau da yawa kuɗi ne ya yanke ko wani ya tsorata ta da cewa maganin ciwon daji ne. Gara ta ji wannan daga bakin likita tun ranar farko, tare da bayanin cewa farce na iya yin duhu, cewa amfanin kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya bayyana, kuma cewa budurwar da ke shirin aure ta zo a tattauna kafin ɗaukar ciki.

Ƙwayar ba ta maye gurbin jini a ranar da shanyewar ta auku. Yaron da hannunsa ya saki ko bakinsa ya karkace yana bukatar ƙarin jini cikin awa biyu da isowarsa, ba tare da jiran hoton ƙwaƙwalwa ba, kuma kada a ɗaga jinin ya wuce giram 10 domin kada ya yi kauri. Bayan nan ne tambayar hana maimaitawa ke tasowa. Ƙungiyar Kano ta gwada wannan ma a SPRINT, kan yara 101 da suka riga suka shanye, miligiram 10 da 20, sakamakon ya fito a 2023 ba tare da bambanci tsakanin awon biyu ba, maimaitawa tana kusan 6 zuwa 7 cikin 100 a shekara. Adadin ya fi na wanda aka bari ba magani sauƙi sosai, amma ya ninka na rigakafin farko sau da yawa. A Amurka, gwajin SWiTCH na 2012 ya samu maimaitawa 7 cikin yara 67 da aka mayar kan ƙwayar, babu ko ɗaya cikin 66 da suka zauna kan ƙarin jini, don haka ga wanda ya riga ya shanye jini yana nan a matsayin zaɓin farko duk inda za a iya.

Bin yaran SPRING ya kuma fito da abin da ba shi aka je nema ba: cikin waɗanda suka haura shekara biyar, masu ƙarancin nauyi sun fi saurin mutuwa, lamarin da ya sa aka fara gwajin abinci mai gina jiki ga wannan rukuni a Kano. An horar da ma'aikatan jinya da sauran ma'aikatan lafiya yin awon TCD, aka kafa rukunonin rigakafin shanyewa a asibitocin jiha, domin likitocin hoto ba su da yawan da za su auna dubban yara duk shekara. Yaran da aka gwada a SPRING sun fara daga shekara 5, alhali haɗarin ya fi yawa daga 2 zuwa 5, kuma yawancin 'yan wannan shekaru ba a ma san jininsu SS ba ne, tun da gwajin jarirai a ranar haihuwa bai kai ga mafi yawan asibitocin ƙananan hukumomi ba.